Bayan Kin Kai Ƙarar Duka Wurin 'Yan Sanda: Me Zai Biyo Baya?

'Yar'uwa, a kusan kowace ƙungiyar adashi akwai wadda ke zuwa taro ta ja mayafi ta rufe gefen fuska, in an tambaye ta ta ce ƙofa ce ta buge ta. Kowa ta san ba ƙofa ba ce, amma sai a yi shiru a ci gaba da ƙirga zubi. Da yawa cikinmu an tashe mu da cewa haƙuri maganin zaman duniya, kuma gaskiya ne akwai abin da haƙuri ke gyarawa. Amma akwai dukan da ke karya ƙashi, akwai wanda ke zubar da ciki, akwai wanda ke kai mace kabari. Irin wannan ya wuce maganar haƙuri.

Wannan darasi bai zo ya ce wa kowa ta kai mijinta ƙara ba. Mai ɗaki ita ta san inda yake mata yoyo, kuma shawarar tata ce. Abin da muke so shi ne duk wadda ta yanke shawarar zuwa caji ofis ta je da idonta a buɗe. Mata da yawa suna zaton da zarar sun faɗa wa ɗan sanda, magana ta ƙare. A gaskiya ranar ce maganar take farawa. Wadda ta san matakan da ke gabanta ba a saurin tsorata ta, ba a kuma saurin yi mata wayo.

Kafin ki fita daga gida

Idan raunin mai tsanani ne, jini na zuba, ko kina da ciki kuma an buge ki a ciki ko a baya, asibiti za ki fara zuwa. Caji ofis zai jira, rai ba ya jira. Lambar kiran gaggawa a Najeriya ita ce 112, kuma ba ta cin kuɗin waya.

Kada ki je ke kaɗai. Ki tafi da wanda zai tsaya miki: waliyyinki, yayanki, ƙanwar mahaifiyarki, ko wata babba a ƙungiya mai bakin magana. Idan an yaga miki riga ko zane ya ɓaci da jini, kada ki wanke, ki naɗe shi ki tafi da shi. Idan akwai mai babbar waya da kika amince da ita, ta ɗauki hoton raunin tun bai baje ba. Hoton ya zauna a wayarta, kada ya zauna a wayar da mai gida ke iya dubawa.

Kowace ƙaramar hukuma a yankinmu, kamar Dambatta, Makoɗa, Bichi, Tsanyawa da Minjibir, tana da babban ofishin 'yan sanda a ƙarƙashin DPO. A wasu garuruwan akwai ƙananan ofisoshi masu 'yan sanda kaɗan. Kina iya fara kai kuka a ƙaramin, amma in abin babba ne za su tura ki babban ofis.

A gaban kanta

Da kin shiga za ki tarar da kanta da ɗan sanda a bayanta. Zai tambaye ki abin da ya kawo ki, ya rubuta a babban littafinsu. Sau da yawa wurin a cike yake da maza, kuma ba kowace mace ce za ta iya buɗe baki a nan ba. Kina da damar cewa, "Yallaɓai, ina so in yi magana a keɓe," ko ki nemi 'yar sanda mace. Wasu ofisoshin suna da teburin da aka ware don al'amuran mata da yara. Ki tambaya ko akwai.

Daga nan za a haɗa ki da ɗan sanda mai bincike, wanda za ki ji suna kira IPO. Shi ne zai riƙe maganarki daga farko har kotu. Ki riƙe sunansa da lambar wayarsa, wadda ta raka ki ma ta riƙe.

Shi zai ɗauki bayaninki a rubuce. Wannan takarda ita ce ginshiƙin ƙarar, don haka kada ki yi gaggawa. Ki faɗi ranar da abin ya faru, da lokacin, ko da da salla za ki kwatanta, kamar bayan isha'i ko kafin azahar. Ki faɗi abin da aka doke ki da shi, hannu ne, ko itacen girki, ko bulala, ko ƙotar fartanya. Ki faɗi inda ya same ki a jiki, da waɗanda suka gani ko suka ji ihunki. Idan ba wannan ne karon farko ba, ki faɗa. Idan ya taɓa shaƙe ki a wuya, ko ya ɗauko wuƙa ko adda, ko ya ce zai kashe ki, lallai wannan ya shiga takarda, domin su ne manyan alamomin haɗari.

Yawanci da Turanci suke rubutawa. Kada ki dangwala yatsa ko ki sa hannu sai an karanta miki an fassara da Hausa, a gaban wadda ta raka ki. In an bar wani abu, ki ce a ƙara. In an rubuta abin da ba ki faɗa ba, ki ce a gyara. Kuma ki tsaya a kan gaskiya, kada fushi ya sa ki ƙara gishiri. Ƙarya ɗaya in an kama ta a kotu, sai ta ɓata gaskiya goma.

Maganar kuɗi kuwa, doka ba ta sa ko kwabo a kan kai ƙara ba. Amma kada mu ɓoye wa juna, akan nemi kuɗin mai ko kuɗin fayil. In an nema, ki ce da ladabi ba ki da shi, ko ki nemi ganin DPO. Kada ki sayar da akuyarki ko buhun gyaɗarki don wannan.

Takardar asibiti

'Yan sanda za su ba ki takarda ki kai asibitin gwamnati, wani lokaci su haɗa ki da ɗan rakiya. Ki je a ranar, ko kashegari da sassafe. Kumburi yana sauka, ƙujewa tana warkewa, bayan mako guda likita ba zai ga abin da zai rubuta ba. Ki nuna duk inda ke ciwo, har inda tufafi ya rufe. In kunya ta hana ki, ki nemi ma'aikaciya mace. Ki faɗi gaskiyar abin da ya ji miki raunin. Wadda ta ce wa likita faɗuwa ta yi, ta riga ta rushe ƙararta da bakinta.

Rahoton likita shi ne shaidar da ba ta jin tsoron kowa, ba a kuma iya zuwa gidanta da dare a ba ta haƙuri. Ki ajiye katin asibiti da rasit ɗin magani, domin kotu na iya duba su in za ta sa a biya ki abin da kika kashe.

Idan abin da ya faru ya haɗa da fyaɗe, ko a kanki ko a kan yarinya a gidan, kada a yi wanka kafin a ga likita in zai yiwu, kuma kada a wuce kwana 3. Maganin da ke kare mutum daga ƙanjamau bayan irin wannan sai an fara shan sa cikin awa 72 yake aiki. A cikin birni akwai cibiyar Waraka a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, wadda aka buɗe musamman don waɗanda aka yi wa fyaɗe.

Za a kira shi, kuma zai dawo

Nan ne mata da yawa ke shan mamaki. Bayan an ɗauki bayaninki, 'yan sanda za su gayyaci mai gida ko su je su kamo shi, gwargwadon nauyin abin. Za su ɗauki nasa bayanin. Yana iya musantawa, yana iya cewa ke kika fara, yana iya ɗora miki laifin da ba ki taɓa ji ba. Wani lokaci a zaunar da ku gaba da gaba. In ba za ki iya zama kusa da shi ba, ki faɗa tun kafin a shigo da shi.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in kuwa babu, cikin kwana biyu. Saboda haka 'yan sanda ba su da ikon ajiye shi mako da makonni. In laifin bai kai na kisa ba, yawanci za su ba da belinsa ga wani ɗan'uwansa. Beli ba ya nufin an wanke shi, ba ya kuma nufin lallai an ci hanci. Ma'anarsa ya koma gida da sharaɗin zai dawo duk ranar da aka neme shi. Amma abin da ya shafe ki shi ne wannan: mutumin da kika kai ƙara da safe yana iya kwana a gari a daren nan, ransa a ɓace.

Idan ya gudu, doka ta hana a kama wani a madadinsa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta faɗi haka a fili. Don haka kada ki nemi a kama mahaifinsa ko ƙanensa, wannan ƙarin gaba kawai zai jawo miki.

Kwanakin farko su ne mafi haɗari

Masu aiki da matan da aka ci zarafinsu a ƙasashe daban-daban sun daɗe da lura cewa lokacin da mace ta tona asirin duka ko ta bar gidan, lokacin ne haɗarin ya fi yawa. Mai dukan yana ganin abin da yake riƙe da shi zai kuɓuce masa. To rigakafi ya fi magani. Tun kafin ki je caji ofis ki san inda za ki kwana.

In da hali, ki koma gidan iyayenki ko na wani babba a dangi wanda mai gida ke jin nauyinsa. Ki tafi da ƙananan yara, da katin rigakafinsu, da maganin da kike sha, da katin shaidarki, da ɗan abin da kika ɓoye. Kada ki koma ɗaukar kaya ke kaɗai, ki bari sai da rakiyar namiji babba ko wakilin mai unguwa. Kwanakin nan ki rage zuwa rijiya, gona ko injin niƙa ke ɗaya, musamman da damina da hatsi ya rufe hanya.

In dole ce ta sa ki zauna a gidan, ki shirya da maƙwabciya. Ku yi wata alama tsakaninku, kamar ki aiko yaro ya ce a ba ki aron wani abu da kuka riga kuka sa wa suna, ita kuwa ta san ma'anarsa a kira mutane. In rigima ta tashi, ki nisanci madafa da inda ake ajiye adda da fartanya, ki matsa kusa da ƙofar fita. Duk wata sabuwar barazana, ko da baki ko ta waya ko ta hanyar aike, ki sanar da mai binciken nan take. Barazana ita ma laifi ce mai zaman kanta.

"Ku je gida ku sasanta"

Wannan magana kusan tabbas za ki ji ta. Kina iya jin ta daga bakin ɗan sanda, kina iya jin ta daga surukai, daga mai unguwa, har daga mahaifiyarki. Za a ce kin kai uban 'ya'yanki caji ofis, kin jawo wa gida abin kunya. Za a tambaye ki wa zai nome gona in an ɗaure shi, wa zai cika rumbu. Za a tuna miki cewa ba a dawowa daga kotu a yi zumunci. Waɗannan ba maganganun banza ba ne, kuma ba laifi ba ne ki auna su. Matar da ke da yara biyar da gero a gona dole ta yi tunanin kaka.

Sulhu alheri ne in an yi shi da gaskiya. Doka ma ta yarda a sasanta ƙaramin rauni in wadda aka cuta ta amince. Amma akwai bambanci tsakanin sulhu da rufe baki. In za ki karɓi sulhu, ki nemi waɗannan:

A yi shi a gaban waliyyinki da wani babba daga danginsa, tare da mai unguwa ko dagaci ko liman.

Ya amsa da bakinsa cewa ya yi dukan. Wanda bai amsa laifi ba, bai yi niyyar dainawa ba.

A rubuta alkawarin cewa ba zai sake ba, ya sa hannu, shaidu su sa hannu, ke ma a ba ki kwafi ki ajiye a wajen gidan.

A rubuta wanda zai biya kuɗin magani, da abin da zai biyo baya in ya karya alkawari.

Wannan takarda tana da amfani ko da ya sake. Ran da kika koma caji ofis ko gaban alƙali, ita za ta nuna ba yau aka fara ba. Kuma janye ƙara sau ɗaya ba ya hana ki sake kaiwa. Kada kunyar cewa kin taɓa janyewa ta hana ki komawa.

Akwai lokutan da sulhu kaɗai bai isa ba: in ya shaƙe ki, in ya yi amfani da makami, in ya karya miki ƙashi, in ya doke ki da ciki, in yana dukan yara dukan fitar hankali, ko in an riga an yi sulhu sau biyu sau uku bai canja ba. A irin wannan, duk mai ce miki ki koma ki yi haƙuri, ki tambaye shi ko zai ɗauki nauyin abin da ya same ki.

Abin da doka ta ce

A Jihar Kano laifin duka yana shiga ƙarƙashin dokar Final Kod, wadda Arewa ke aiki da ita tun 1960, ko kuma dokar laifuffuka ta Shari'ar Musulunci ta jiha ta shekarar 2000. Final Kod ta raba rauni gida biyu, ƙarami da babba. Sashe na 241 ya lissafa babban rauni: karaya ko gocewar ƙashi, karyewar haƙori, rasa gani ko ji, nakasa wata gaɓa, tabon da ya ɓata fuska har abada, raunin da ya sa rai cikin haɗari, da wanda ya hana mutum harkokinsa ko ya bar shi cikin azaba har kwana 20. Hukuncin babban rauni ɗauri ne na shekaru.

Akwai wani sashe da ya kamata ki sani don kada a ruɗe ki da shi. Sashe na 55 na Final Kod ya ambaci miji ya ladabtar da matarsa inda al'adarsu ta yarda da hakan, muddin bai kai babban rauni ba. Ƙungiyoyin mata da lauyoyi sun daɗe suna neman a soke shi. Wasu kan fake da shi su ce ai doka ba ta shiga tsakanin miji da mata. Amma ko wannan sashen bai rufa wa wanda ya karya ƙashi ko ya fasa ido asiri ba. Kin ga dalilin da ya sa rahoton likita ke da nauyi haka.

In magana ta kai kotu

Idan ba a sasanta ba, kuma 'yan sanda sun ga akwai hujja, za su rubuta takardar da ake kira FIR su kai shi kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci. Daga nan hukuma ce ke ƙararsa, ke kuma kin zama babbar mai shaida. Ba sai kin ɗauki lauya ba, akwai mai gabatar da ƙara na gwamnati. Doka ta yarda mace ta ba da shaida a kan mijinta a shari'ar dukan da ya yi mata.

Ranar farko za a karanta masa tuhuma. In ya amsa, alƙali na iya yanke hukunci ba da daɗewa ba. In ya musa, sai a ɗage zama, yawanci a ba da belinsa, a sa ranar kawo shaidu. Ki shirya wa ɗage-ɗage. Shari'a na iya cin watanni, kuma kowane zama kuɗin mota ne da ranar sana'a da kika rasa. Ƙararraki da yawa suna mutuwa ne saboda mai ƙara ta gaji ta daina zuwa, kotu ta kori maganar. Duk zaman da aka tashi, ki tambayi magatakardan kotu ranar dawowa, a rubuta miki.

Ranar shaidarki, shi ko lauyansa zai yi miki tambayoyi, wasu masu zafi. Ki amsa abin da aka tambaye ki kawai. In ba ki gane ba ki ce a maimaita, in kin manta ki ce kin manta. Hukunci kuma iri-iri ne: tara, ɗauri, diyyar rauni ko biyan kuɗin magani, ko a sa shi ya ɗauki alkawarin zaman lafiya a gaban kotu. Yana kuma yiwuwa a sallame shi in shaidu ba su isa ba. Wannan ba ya nufin kin yi ƙarya.

Maganar aure daban take

'Yan sanda ba sa raba aure, ba sa yanke kuɗin ciyarwa, ba sa cewa ga wanda zai riƙe yara. Wannan aikin kotun shari'ar Musulunci ne, kuma ke da kanki ko waliyyinki za ku shigar da ƙara. Kai ƙarar duka ba ya kashe aure, kamar yadda mutuwar aure ba ta goge laifin duka.

A mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, idan mace ta tabbatar wa alƙali cewa mijinta na cutar da ita, alƙali na da ikon raba auren ba tare da ta mayar da sadaki ba. Wannan daban yake da hul'i, inda mace ke fansar kanta da dukiya. Mata da yawa sun sayar da dabbobinsu sun biya hul'i alhali suna da hujjar cutarwa a hannu, saboda ba wanda ya gaya musu bambancin. Rahoton likita, da takardar sulhun da ya karya, da shaidar maƙwabta, duk a nan za su yi miki rana. Alƙali kan iya fara naɗa mutum biyu, ɗaya daga danginki ɗaya daga nasa, su gwada gyara.

Haka nan a Malikiyya uwa ce ta fi cancanta da riƙon yara bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure, uba kuma shi ke ciyar da su. In uwar ta yi wani aure, riƙon kan koma wurin kakarsu ta wajen uwa. Abin da aka saba a ƙauye na karɓe yaro da zarar an yaye shi al'ada ce. Dukiyarki kuwa taki ce: awakinki, kayan ɗakinki, jarin ƙuli-ƙulinki da zubinki na ƙungiya, miji ba shi da iko da su sai da yardarki.

In an ƙi saurarenki

Idan mai binciken yana ta yi miki yawo da hankali, ki nemi ganin DPO. In can ma ba a dace ba, akwai kwamandan shiyya, sama da shi kuma Kwamishinan 'Yan Sanda a hedikwatarsu da ke Bompai. Doka ta kuma ba ki damar kai kokenki kai tsaye gaban kotu, ita kuma ta umarci 'yan sanda su bincika.

Akwai wasu ƙofofin. Hukumar Hisbah ta Jihar Kano, wadda aka kafa da doka a 2003, tana da ofisoshi a ƙananan hukumomi kuma tana sasanta rigimar aure, sai dai ita ba kotu ba ce, babban laifi dole ta miƙa shi ga 'yan sanda. Akwai sashen walwalar jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma, da Ma'aikatar Harkokin Mata ta jiha. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana da reshe a Kano kuma tana taimaka wa mata marasa ƙarfi kyauta. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ita ma tana da ofis a Kano. Jami'ar da ke kula da ƙungiyarku za ta iya haɗa ku da su.

Aikin ƙungiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ke sa mace ta janye ƙara ko ta koma inda ake dukanta sau da yawa ba ya wuce kuɗin mota, da abincin yara, da rashin wanda zai tsaya mata. Duk waɗannan ƙungiya na iya rage su.

Ku duba dokokin asusun taimakon juna naku. In babu, ku tattauna ko za ku ƙara cewa 'yar ƙungiyar da aka ji wa rauni tana iya samun tallafin kuɗin asibiti da na mota, kamar yadda ake ba mai haihuwa ko mai rashi. In tana da bashi a kanta, ku duba ko za a ɗaga mata lokaci. Ku zaɓi mata biyu masu nutsuwa da riƙon amana su zama 'yan rakiya. Littafin zubinta da takardunta na asibiti suna iya zama wurin sakatariya in ta nemi haka. In miji ya zo neman a ba shi kuɗin matarsa, amsar ɗaya ce: akwati ba ya buɗuwa sai a taro, kuma kuɗi na mai zubi ne.

Sai babban abu, riƙe sirri. Maganar da ta fita daga taro ta shiga gidan biki tana iya kaiwa kunnen mai dukan kafin magariba. Kada kuma ku ɗauki doka a hannunku ko ku je gidan ku yi masa taron dangi, ita za a huce a kanta bayan kun watse. In ta janye ƙara ta koma ɗakinta, kada ku yi mata gori ko ku juya mata baya. Ku bar mata ƙofa a buɗe, domin wataƙila za ta sake buƙatarku. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Tambayoyin tattaunawa a taro

1. Daga garinmu, ina ne caji ofis da asibitin gwamnati mafi kusa, kuma nawa ne kuɗin mota zuwa da dawowa?

2. In wata cikinmu ta buƙaci wurin kwana a daren yau, gidan wa za ta je?

3. Waɗanne manya ne a garinmu, maza da mata, za mu iya amincewa su tsaya a sulhu na gaskiya?

4. Me dokar asusun taimakon juna tamu ta ce a kan wadda aka ji wa rauni a gida? Akwai abin da za mu ƙara?

5. Su wa za mu zaɓa 'yan rakiya?

Sakatariya ta rubuta amsoshin a bayan littafin taro, ba tare da sunan kowace mai matsala ba, a riƙa karanta su duk farkon sabon zagayen zubi domin sababbin shiga su ji. Allah ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, amin.